Yadda Ƙwayoyin Halittar Jiki Ke Karɓar Umurnin Girma

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara wurin makanikai na Apo, a Abuja, zai ji sun ce ba motar da ta kai wadda toturta ya maƙale haɗari. Direba ya ɗauke ƙafarsa, amma inji bai sani ba, sai ƙara gudu yake yi. To, ya mai karatu, irin wannan yakan auku a jikin ɗan Adam, kuma sanin yadda yake aukuwa yana iya ceton rai.

Saƙo da makarɓinsa

An gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Jariri yana girma ne, rauni kuma yana warkewa, domin ƙwaya ɗaya tana rabuwa ta zama biyu. Amma lafiyayyar ƙwaya ba ta rabuwa don ganin damarta, sai an aiko mata da umurni.

Wannan umurni wani sinadari ne da wasu ƙwayoyin ke fitarwa. A 1962 wani masani na Amurka, Stanley Cohen, ya tace irinsa daga gaɓar da ke yin miyau a jikin ɓera. Da ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa, sai idanunsu suka buɗe, haƙoransu suka fito tun lokaci bai yi ba. A 1986 aka ba shi lambar Nobel tare da Rita Levi-Montalcini ta Italiya.

Sinadarin ba ya kutsawa ta fatar ƙwaya, kamar yadda ƙafar direba ba ta shiga inji. A fatar kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan abubuwa da za mu kira makarɓai, kansu a waje, gindinsu a ciki. Su ne totur. Idan saƙo ya sauka a kansu, sai makarɓai biyu su haɗu, gindinsu ya motsa wani sinadari a ciki, shi kuma ya motsa na gaba, har umurni ya isa cibiyar ƙwayar, ta soma shirin rabuwa.

Bayan haka sai ƙwayar ta kashe saƙon. Takan haɗiye makarɓin tare da saƙon da ke kansa, ta narkar da shi ko ta mai da shi waje fanko. Watau totur ya koma mazauninsa. Shi ya sa tsiron nama yake tsayawa da zarar rauni ya rufe.

Idan totur ya maƙale

Ɗaya daga cikin makarɓan nan sunansa HER2. Lafiyayyar ƙwayar nono tana da kamar 20,000, amma a wani irin ciwon dajin nono sukan kai miliyan 2 a kan ƙwaya ɗaya. Saboda cunkoso sai su riƙa haɗuwa da juna ba wanda ya aiko da saƙo, ƙwayar ta yi ta rabuwa ba tsayawa. A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa irin wannan ciwon ya fi saurin yaɗuwa. Cikin mata 100 masu dajin nono, 15 zuwa 20 irinsa gare su.

Daga wannan ilimi aka samo magani mai suna trastuzumab, wanda aka yarda da shi a Amurka a 1998, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015. Yana manne wa kan HER2 daga waje, ya rage umurnin ƙaryar, ya kuma nuna wa garkuwar jiki ƙwayar da ta lalace. Sai dai yana da tsada, ana kuma lura da zuciyar mai karɓarsa, sa'an nan ba ya amfanin wadda ciwonta ba na HER2 ba ne.

Abin da ya shafe mu

Dajin nono shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. An ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai ya kama mata fiye da 28,000, ya kashe fiye da 14,000. Babban dalilin yawan mutuwar shi ne zuwa asibiti a makare.

Daga cikin abubuwan da ke jawo jinkiri akwai camfin da ake yi cewa wai daji ba ya son ƙarfe. Wannan ba gaskiya ba ne. Ido ba ya gane irin ciwon, hannu ma haka. Dole likita ya ɗebi ɗan nama da allura a auna, a san ko HER2 ne ke tura shi, ko sinadarin mata, ko kuwa ba ko ɗaya, domin kowanne da maganinsa. Makaniki ma ba ya gyara sai ya buɗe inji ya duba.

Saboda haka ana jawo hankalin jama'a ga waɗannan:

1. Kowace mace ta san yadda nononta yake, ta riƙa dubawa sau ɗaya a wata.

2. In ta ji ƙullutu, ko da ba ya zafi, ko ta ga jini daga kan nono, ko fata ta lotsa, ta tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma awo ne kaɗai zai tabbatar.

3. In an ce daji ne, ta tambayi likita ko an auna makarɓan ciwon, ta kuma adana takardar sakamakon.

4. Kada a tsaga, kada a yi sakiya, kada a bar maganin asibiti a tsakiya.

Ana duba masu wannan ciwo a Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, da na Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta soma wani asusu na taimakon marasa ƙarfi masu dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, a asibitoci shida, ciki har da na Abuja da na Shika. A tambayi ma'aikatan asibiti yadda ake nema.

Magidanta, nauyi yana wuyanku. Idan uwargida ko 'ya ta yi ƙorafi, ku ba ta izini da kuɗin mota, ku raka ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.