Gashin Mama Yana Zubewa, Mu Dakatar da Maganin Sankara?

Malama, kada ku dakatar sai da izinin likita. Ƙwayar sankara tana yaɗuwa ne ta hanyar rabuwa biyu, magungunan kuma lokacin rabuwar suka fi kama ta: methotrexate yana hana ta kwafar sinadarin gado, vincristine yana tsayar da ita tana tsaka da rabuwa. Ba duka ƙwayoyin ke rabuwa lokaci ɗaya ba, shi ya sa ake maimaitawa, sau da yawa bayan kwana 21. Za ki ce ai jikinta ma yana wahala. Gaskiya ne, saiwar gashi da ɓargo su ma masu saurin rabuwa ne, amma suna farfaɗowa, gashi yakan dawo. Zazzaɓi kuwa, in ya zo, ku garzaya asibiti a ranar.