Ƙaramin Inji Ba Ya Yafe Kuskuren Awo

A Ingila da Amurka da Jamus akwai mutanen da ke ware lungu guda a garejin gidansu, su girke injin feraye ƙarfe da injin huda da 'yan ma'aunai, su ƙera injin da bai wuce tafin hannu ba, kuma a murza shi ya tashi. Harkar ta daɗe. Tun 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer a Landan domin irin waɗannan mutane. Kamfanin Stuart Turner ya yi suna wajen sayar da ɗanyen ƙarfen zubi wanda mai saye zai feraye da kansa har ya zama injin tururi, sannan a 1946 kamfanin Myford ya fito da injin feraya samfurin ML7 wanda ya shiga gidaje da yawa. Yau ƙananan injinan feraya na ƙasar Sin sun sauko da farashi, bidiyon aikin ya cika intanet, matasanmu ma sun fara sha'awa. Saboda haka ne nake so in ja hankali kan abin da mu masu feraye ƙarfe muka sani daga aikin kullum: abin da ke tayar da ƙaramin inji shi ne awo da bin aiki daki-daki. Tsadar kayan aiki tana zuwa ne daga baya.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda injin ƙarami ne, kuskurensa ma ƙarami ne. Lissafi bai yarda da haka ba. A ɗauki silindar mota mai faɗin milimita 80 da ta ƙaramin inji mai faɗin milimita 10, a ce komai nasu ya ragu daidai da juna. Kewayen fistan, inda iska ke sulalewa, ya ragu sau 8 ne kawai. Cikin silinda kuwa, wato yawan iskar da ake matsawa, ya ragu sau 512. Idan aka bar rata iri ɗaya tsakanin fistan da bangon silinda a injinan biyu, ƙofar yoyon ƙaramin ta ninka ta babban sau 64 idan aka gwada da iskar da kowanne ke riƙe da ita. Ratar milimita 0.03, wadda ba ta kai rabin kaurin gashin kai ba, babban inji mai zoben fistan zai haɗiye ta ya ci gaba da tafiya. A ƙaramin injin da ba shi da zobe, ita kaɗai ta isa ta zubar da matsin gaba ɗaya, a yi ta murzawa har hannu ya gaji, ko tari ba zai yi ba. Haka ma karkata: in ramin silinda bai tsaya cak a kan layin karanshaf ba, gogayyar da za ta biyo baya za ta cinye ɗan ƙarfin da injin ke da shi, domin dama ba shi da rarar da zai yi asara.

Sai kuma zafi, wanda masu koyo suka fi mantawa da shi. Alminiyom yana kumbura da zafi fiye da ƙarfen zubi, wajen ninki biyu. Fistan na alminiyom mai faɗin milimita 20, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai ƙara kusan milimita 0.046, alhali silindar ƙarfen zubi da yake ciki ba za ta buɗe fiye da kusan 0.02 ba. Wanda ya matse su sosai a sanyi, injinsa zai tashi, ya yi ɗan gudu, sannan ya cije. Wannan ne ya sa a ƙananan injina marasa zobe aka fi yin fistan da ƙarfen zubi, a sa shi cikin silindar baƙin ƙarfe, tunda kumburinsu ya yi kusa da juna. Zafin yana yaudarar mai awo ma. Duk ma'aunan da ake ƙerawa a duniya an daidaita su ne a kan digiri 20. Guntun alminiyom ɗin nan mai milimita 20, idan aka auna shi da ɗuminsa daga bakin inji, yana da digiri 30 sama da na ɗaki, zai nuna ƙarin kusan milimita 0.014. Mai gaggawa zai ga awo ya cika ya sauke, in ya huce sai ya tarar ya gaza. Don haka doka ce a bar ƙarfe ya huce kafin yankan ƙarshe, a kuma ajiye ma'auni a inuwa, musamman a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40.

Idan an fahimci wannan, tsarin aikin sai ya bayyana da kansa. Rami ake fara yi, sannan a feraye abin da zai shiga cikinsa, domin rage waje kaɗan-kaɗan ya fi gyara ciki sauƙi, kuma ɓata fistan ya fi ɓata silinda arha. Diril ba ya ba da rami mai cikakkiyar da'ira, kuma yakan buɗe fiye da lambar da ke jikinsa. Aikinsa buɗe hanya ne kawai. Bayansa sai a ƙwaƙule ramin da wuƙar ciki don ya miƙe, sannan a bi da rima ko a goge. Duk sassan da dole su haɗa cibiya ɗaya, a gama su a ɗauri guda, domin bakin riƙo mai haƙora uku ba ya mayar da ƙarfe daidai inda yake in aka kwance aka sake ɗaurewa. In tilas ne a kwance, to a koma ga mai haƙora huɗu a daidaita da agogon awo. A tuna cewa a injina da yawa tura wuƙa da milimita 0.1 yana rage faɗin ƙarfe da 0.2, tunda gefe biyu take ci. A riƙa murza hannun inji ta fuska ɗaya don kauce wa wasan da ke cikin zaren dunƙulensa. Siririn ƙarfe kuma, in ya fito daga bakin riƙo fiye da ninki uku na faɗinsa, a tallafe shi daga wutsiya, in ba haka ba zai lanƙwashe ya guje wa wuƙa, a sami gindi siriri baki mai kauri. Yawancin waɗannan ba sa buƙatar ƙarin kuɗi.

Wani zai ce ai duk wannan wahalar talauci ce, da a ce akwai injin feraya mai tsada, ko wanda kwamfuta ke sarrafawa, da an huta. Gaskiya ne inji mai nauyi ya fi tsayawa da ƙafarsa, ba ya rawa, kuma yana cin ƙarfe da sauri. Sai dai tarihin sana'ar ya nuna cewa daidaito daga dabara da awo ya fito. James Watt ya sha fama da silindar da ba ta da cikakkiyar da'ira har sai da John Wilkinson ya fito da hanyarsa ta ƙwaƙule silinda a tsakiyar shekarun 1770. Henry Maudslay, a farkon ƙarni na 19, ya ƙera ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, a lokacin da babu lantarki a masana'anta balle kwamfuta. Injin kwamfuta abin da aka faɗa masa yake yi. In wuƙa ta dakushe, ko an ɗaure ƙarfe a karkace, ko an auna da zafi, zai maimaita kuskuren sau ɗari ba tare da ya gaji ba. Shi kuwa ƙaramin injin feraya mai arha, in aka wanke shi, aka ɗaure sassansa masu wasa, aka wasa wuƙa da kyau, aka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, zai iya kai milimita 0.01. Mai 'yan kuɗi ya fara da maikuromita mai kyau da agogon awo kafin ya yi mafarkin babban inji.

Wani kuma, musamman cikin dattawan sana'a, zai ce hannu da ido sun fi ƙarfen awo, shekara nawa suna aiki da ma'aunin baniya kaɗai, ba a taɓa dawo masu da aiki ba. Wannan magana tana da rabonta na gaskiya, kuma bai kamata a raina ta ba. A injin ƙaramin jirgin sama mai tashi da matsi kaɗai, wanda ke shan haɗin sinadarin ita (ether) da kananzir da man zurman, ratar fistan da silinda ba ta wuce kashi kaɗan cikin dubu na milimita, abin da maikuromita ta gida ba za ta iya karantawa ba. A nan hannu ne alƙali. Ana goge silinda da sanda mai taushi ta alminiyom ko tagulla wadda aka shafa wa ƙullin guga, a bar saman ramin ya ɗan fi ƙasansa matsi, sannan a goge fistan har ya shiga sumul ya ɗan kama a can sama. Amma a lura da inda hannun ya karɓi aiki: bayan ma'auni ya kawo shi bakin ƙofa. Guga ba ta ɗaukar ƙarfe da yawa, kuma ba ta miƙar da ramin da aka huda a karkace. Baniya mai karanta 0.02 ta ishi mai gyaran babban shaf, amma a nan 0.02 ita ce tazarar da ke tsakanin inji mai rai da gunki. Bayan guga kuma sai an wanke sassan tas da kananzir da buroshi, don ƙwayar ƙulli ɗaya da ta maƙale za ta ci gaba da cin silinda bayan an haɗa injin.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi a wurinmu: mutum yana neman abin sawa a bakin salati, ina shi ina ɓata mako da mako a kan abin wasa? Amsa ita ce ƙaramin inji ya tattara kusan dukan darussan sana'ar a wuri ɗaya, kuma da ƙarfe kaɗan. Wanda ya gama guda ɗaya ya koyi feraye waje, da ƙwaƙule ciki, da yanka zare, da feraye abin da cibiyarsa ta goce irin na karanshaf, da karanta zane, da sanin bushin da za a buga da wanda zai juya. Waɗannan su ne ayyukan da ake kawo wa masu feraya a Panteka ta Kaduna da sauran wuraren sana'a kullum: bushin injin ban ruwa, shaf ɗin injin niƙa, mazaunin boris na janareta. Bambancin shi ne aikin kwastoma yakan ɓoye kuskure na wata da watanni kafin ya dawo da rigima, shi kuwa ƙaramin inji a take yake yanke hukunci. Ba girin-girin ba, ta yi mai: ko ya juya ko bai juya ba.

Shawarata ga mai son farawa ita ce kada ya fara da injin fetur. Ya fara da injin tururi mafi sauƙi, wanda silindarsa ke lilo tana buɗe ƙofar iska tana rufewa da kanta, ya gwada shi da iskar kwamfuresa. In ya juya da ɗan matsi kaɗan, awonsa ya yi. Daga nan ya matsa zuwa irin Stuart 10V mai silindar kashi uku cikin huɗu na inci, sannan ya tunkari mai bawul da fulogi. Tukunyar tururi kuwa a bar ta sai an ƙware, don ba a haɗa ta da dalma, da lahamin azurfa ake yi, kuma ƙungiyoyin masu wannan harka a Ingila suna gwada sabuwa da ruwa a kan ninki biyu na matsin aikinta kafin wuta ta taɓa ta. A gaban injin feraya a sa tabarau, a naɗe hannun riga, a ajiye safar hannu da babbar riga a waje, kada a bar makulli a bakin riƙo ko na daƙiƙa ɗaya. A rufe inji lokacin hunturu, domin ƙura da mai in suka haɗu su ma ƙullin guga ne, za su cinye hanyoyin injin a hankali. Sannan a ajiye littafi ana rubuta awon da zane ya nema da wanda aka samu a kan kowane sashe. Ranar da injin ya ƙi tashi, a wannan littafin za a gano inda aka kauce, ba sai an kwance komai ana lalube ba.