Darasi: Fiɗar Gadon Baya Ta Ƙaramar Kafa

'Yan'uwa, tsakanin ƙasusuwan gadon bayanmu akwai guringuntsi. Sa'anda ya zame ya danne jijiya, zafi yakan sauka har ƙafa. A dā sai likita ya yi doguwar tsaga. A 1997 likitoci biyu na Amurka, Kevin Foley da Maurice Smith, tare da kamfanin Sofamor Danek mai ƙera kayan fiɗa, suka kawo siririn bututu wanda ke ratsa tsoka, a cire abin da ya danne jijiyar. Majinyaci yakan koma gida da wuri, gama raunin ƙarami ne.

Amma mu lura, yawancin ciwon baya ba ya bukatar fiɗa. In ƙafa ta mutu, ko mutum ya kāsa riƙe fitsari, mu kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Waɗanne alamu biyu ne ba su son jinkiri?