Asid, Bes da Ma'aunin pH

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan ilimin boko Bahaushe ya san cewa kanwa tana kashe tsami. Uwargida kan jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa, sai miyar ta yi kumfa, tsaminta ya ragu. Abin da kimiyyar sinadarai ta ƙara a kan wannan sani shi ne bayanin dalili da kuma hanyar awo. Wannan darasi zai duba ma'anar asid da bes, da yadda ake auna su, da yadda malami zai gabatar da su cikin harshen Hausa.

2.0 Ma'anar Asid da Bes

A shekarar 1884 Svante Arrhenius, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya aza harsashin bayanin da ake amfani da shi a makarantu. Asid shi ne sinadarin da yake sakin ƙwayoyin haidirojin masu caji idan ya narke a ruwa. Ana samun sa a lemun tsami da tsamiya da nono. Bes kuwa kishiyarsa ne, domin yana ƙara wa ruwa ƙwayoyin haidiroksaid. Alamominsa su ne ɗaci da santsi, kamar yadda ake ji a ruwan toka da kanwa da sabulu.

Idan asid da bes suka haɗu sukan kashe kaifin juna, su haifar da gishiri da ruwa. Kumfar da ake gani a miya kuwa iskar kabon dayoksaid ce da ke fita daga kanwa.

3.0 Ma'aunin pH

Soren Sorensen, ɗan ƙasar Denmak, shi ya ƙirƙiro wannan ma'auni a shekarar 1909. Galibi ana lissafa shi daga 0 zuwa 14. Tataccen ruwa yana kan 7, wato tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 asid ne, wanda ya haura 7 kuma bes ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, madarar shanu sabuwar tatsa tana wajen 6.6, jinin ɗan'adam mai lafiya kuwa yana tsakanin 7.35 da 7.45.

Wajibi ne a lura cewa tazarar lamba ɗaya tana nufin ninki goma. Ke nan ruwan da ke kan 3 ya fi wanda ke kan 4 yawan ƙwayoyin haidirojin sau goma, ya fi na kan 5 sau ɗari.

4.0 Koyarwa a Aji

Fassara asid da kalmar "tsami" tana sauƙaƙa fahimta, amma akwai haɗari a cikinta. Yaron da ya ɗauka cewa da harshe ake gane asid yana iya ɗanɗana ruwan batir, alhali yana ƙona fata. Haka ma sodar da ake yin sabulu da ita, duk da kasancewarta bes. Don haka ya kyautu malami ya fara da tsami a matsayin misali, sannan ya tsayar da kalmar asid a matsayin keɓantacciyar kalma.

Maimakon ɗanɗano, sai a yi amfani da ruwan zoɓo. Idan aka ɗiga masa lemun tsami jansa yakan ƙara haske, idan kuwa ruwan kanwa aka zuba sai ya rine ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. In sinadari mai ƙarfi ya zuba a jikin ɗalibi, a wanke wurin da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibiti.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance biyu tsakanin asid da bes.
2. Sau nawa ruwan da ke kan pH 2 ya fi na kan pH 4 yawan ƙwayoyin haidirojin?
3. Tattauna amfani da illar fassara asid da kalmar "tsami".