Ranar Farko a Yawunde: Ina Ɗalibi Zai Dosa?

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya tambaya: ajinsu zai je Yawunde ziyarar karatu, da me zai fara?

To, da canjin kuɗi. Sefar Nijar da ta Kamaru darajarsu ɗaya, amma mai shago ba zai karɓi ta Nijar ba. Katin rigakafin shawara kuma kada ya bar aljihunsa.

Daga nan sai Ekoudou, wato Briqueterie, unguwar Hausawa. Can zai ji Hausa da Fillanci, ya yi salla a babban masallacin unguwar, da yamma ya bi hayaƙin tsire da kilishi.

Tasi kuwa rawaya ce, ta haɗaka. Ya faɗi inda za shi da abin da zai biya. In direba ya danna oda, ya amince ke nan.