Hutun Kwana Uku a Anaca: Yadda Ɗalibin Hausa Zai Shirya Ziyarar Gani da Ido

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai duk lokacin da ɗaliban sashenmu suka tashi shirya ziyarar ilimi, tunaninsu ba ya wuce Daura da Katsina da Sakkwato. Waɗannan garuruwa sun cancanci ziyara, amma Bahaushe bai tsaya nan ba. Tun a 1978 Mahdi Adamu ya nuna a littafinsa yadda fatauci ya watsa Hausawa a Afirka ta Yamma. A wannan maƙala zan yi bayanin yadda ɗalibi zai shirya hutun kwana uku a Anaca ta jihar Anambara, ya huta, ya kuma dawo da abin nazari. Ni ɗan Gabas ne, Ibo ne harshena na farko, saboda haka na san irin tsoron da abokaina na Arewa ke yi wa yankin. A ganina tafiyar mai yiwuwa ce, kuma nasararta ta rataya a kan abu guda, wato samun mai masauki cikin Hausawan garin tun kafin a bar gida.

2.0 Anaca a Taƙaice

Anaca tana gaɓar gabas ta Kogin Kwara, tana kallon Asaba ta jihar Delta. Garin ya kasu biyu. Akwai Enu Onicha, tsohon gari na kan tudu inda fadar Obi take, akwai kuma Otu, wato bakin ruwa, inda baƙi suka sauka. A 1857 Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor suka kafa mishan a garin, kamfanonin Turawa kuma suka buɗe harkar saye da sayarwa. Ta wannan kogi ne Nufawa da Igala da Hausawa suka riƙa gangarowa da hajarsu, suka zauna a bakin ruwa. Har yanzu sunayen titunan da ke kewaye da babbar kasuwa suna ba da shaida, domin akwai titin Sakkwato da titin Bida da titin Kano.

Gada biyu ke haɗa garin da Asaba. An gama tsohuwar a 1965, tsawonta kimanin kilomita 1.4, ta kuma lalace a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kafin a gyara ta. Ta biyun kuwa an ƙaddamar da ita a watan Mayu na 2023.

3.0 Shiri Kafin Tafiya

3.1 Mai masauki

Tsarin fatoma, wato maigidan da ke saukar da fatake ya kuma tsaya musu, shi ne ginshiƙin zaman Hausawa a Kudu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a nazarinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Ɗalibi ma ta wannan ƙofa zai shiga. Ya nemi wani ɗan kasuwar garinsu mai kai albasa ko wake ko dabbobi Anaca, ya haɗa shi da maigidansa na can. Ya kuma karɓi takardar gabatarwa daga sashe, wadda zai miƙa wa Sarkin Hausawa. Ko da a otal zai kwana, mai masaukin ne zai zaɓa masa unguwa, domin baƙo ko da ido makaho ne.

3.2 Lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar ruwa. A watan Oktoba ake bikin Ofala na Obin Anaca, Igwe Nnaemeka Alfred Achebe, wanda ya hau karaga a 2002. Biki ne mai ƙayatarwa, amma a daidai wannan lokaci kogi ke cika. A 2012 da 2022 ambaliya ta yanke hanyar Lakwaja, matafiya suka yi kwanaki a kan titi.

Ranaku ma abin lura ne. Ba a buɗe manyan kasuwanni ranar Lahadi. Bugu da ƙari, a watan Agusta na 2021 ƙungiyar IPOB ta ayyana zaman gida na ranar Litinin, aka yi shekaru kasuwanni da tashoshi na rufe a wannan rana. Don haka shawarata a tashi Laraba da yamma, a yi Alhamis da Juma'a da Asabar, a juyo gida.

3.3 Hanya da guzuri

Daga Kano, manyan motocin safa na Sabon Gari kan tashi da yamma, su bi ta Kaduna da Abuja da Lakwaja, su isa washegari. Wanda ba ya son tafiyar dare ya kwana Abuja ya tashi da asuba. Mai hali kuma zai iya hawa jirgi zuwa Asaba, ko zuwa filin Umueri da aka buɗe a 2021. Motoci da yawa kan sauke fasinja a Upper Iweka, wuri mai cunkoso da 'yan sane, saboda haka a can ya kamata mai masauki ya tarye ka. A cikin gari kuwa Keke Napep da ƙananan bas ake hawa, domin gwamnatin jihar ta hana acaɓa a Anaca a 2018.

Kuɗi a kasa su uku: na mota zuwa da dawowa, na ci da kwana, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. A riƙe katin shaidar ɗalibi da na ɗan ƙasa, da littafin rubutu, da ɗan tsarabar dabino ko kilishi don mai masauki.

4.0 Tsarin Kwanakin Uku

Ranar Alhamis ta gaisuwa ce. Bayan an huta, mai masauki ya kai ka gaban Sarkin Hausawa ka faɗi abin da ke tafe da kai. Da la'asar a gangara kasuwar Ose da ke bakin kogi, a ga kifi da doya da kwale-kwalen da ke kawo su.

Ranar Juma'a da safe a shiga babbar kasuwa, wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A nan aka haifi ƙananan littattafan nan masu araha da suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1960, waɗanda ake kira Adabin Kasuwar Anaca. Daga wannan suna Ibrahim Malumfashi ya yi wa littattafan soyayya na Hausa laƙabin Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, aka daɗe ana muhawara a kai. Ɗalibin da ya ga inda sunan ya samo asali zai fi fahimtar muhawarar. Daga nan sai masallacin titin Bida don sallar Juma'a, inda za a haɗu da dattawan da suka shekara talatin ko arba'in a garin.

Ranar Asabar a ziyarci hubbaren Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, ya tashi yana jin Hausa, ya rasu a 1996. Sai a haye Asaba a kalli gada daga ɗaya gaɓar, a dawo a kama hanya.

Wanda ke da ƙarin kwana zai iya zarcewa Inugu, tafiyar kimanin kilomita 100, ya tsaya a kasuwannin shanu na Amansea da Ugwuoba da ke kan hanya. A Inugu ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950. Fatakwal kuwa, da nata tsofaffin unguwannin Hausawa, ta cancanci tafiya ta daban.

5.0 Abin da Za a Saurara

Ɗalibin harshe ya buɗe kunne. Zai ji Ibo na cewa osikapa, wato shinkafa, da akanwu, wato kanwa, da gworo, wato goro. Zai ji ana kiran tsire da suya, gyara kuma jara. Ya lura da Hausar yaran da aka haifa a can: shin suna bambanta jinsin namiji da tamace? Da wane harshe suke ciniki, da wanne suke faɗa? Amsoshin waɗannan tambayoyi sun isa kundin digiri. Kada dai ya ɗauki muryar kowa ko hotonsa sai da izini.

6.0 Ladabi da Tsaro

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, zaman bai rasa tabo ba. A watan Fabrairu na 2006, bayan rikicin Maiduguri, an kai wa 'yan Arewa harin ramuwa a Anaca, aka ƙona masallatai, aka rasa rayuka, jama'a da yawa suka tsere Asaba ta kan gada. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa Kano. Rigakafi ya fi magani. Kada a riƙe ko da wuƙar yankan lemo a jaka, kada a shiga gardamar siyasa a mota, kada a yi yawon dare, kuma a sanar da gida inda ake a kowace rana.

Haka kuma a guji kalmar Inyamuri, domin Ibo ba sa son ta, kamar yadda Bahaushe ba ya jin daɗin a kira shi aboki da sigar raini. Kalmomi huɗu za su buɗe ƙofofi da yawa: kedu, wato yaya dai, biko, don Allah, daalu, na gode, ego ole, nawa ne.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo bayani kan lokaci da hanya da masauki da wuraren ziyara a Anaca, ta kuma nuna cewa mai masauki shi ne jigon tafiyar. Hausawan da ke zaune a bakin Kwara suna da tarihi da karin harshe da ba mu rubuta yadda ya kamata ba, dattawan da suka san labarin kuma suna ƙarewa. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta sa Anaca cikin ziyararta ta gaba, ko da mutum biyar ne za su fara. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.