Darasi: Yaro da Dabbar da Yake Kiwo

A ƙasar Amurka akwai ƙungiyar yara manoma mai suna 4-H. Ta samo asali tun shekarar 1902. Yaro ko yarinya kan ɗauki maraƙi, ko ɗan rago, ko ɗan akuya, a yi ta kiwo har ranar nunin dabbobi.

Kullum yaron ne ke ba dabbar abinci da ruwa. Shi ke yi mata wanka, ya share makwancinta, ya koya mata bin igiya. Yana rubuta nauyinta da kuɗin abincinta a littafi. Da haka sai su shaƙu. Dabbar ta san muryarsa. In ba ta da lafiya, shi ne farkon ganewa.

Ranar nuni alƙalai kan zaɓi dabbobin da suka fi kyau. Daga nan sai a yi gwanjon waɗanda aka yi kiwonsu don nama. Yara da yawa kan yi kuka. Amma kuɗin nasu ne, wasu ma kan tara don karatu.

Jama'a, mu ma yaranmu ke kai wa ragon turka dusa da harawa. Sai Babbar Salla ta matso, a kai shi kasuwa ba da saninsu ba. Wannan yana kashe wa yaro zuciya. Tun farko ku gaya masa ranar rabuwa. In an sayar, ku ba shi rabonsa ya sayi wani.

Tambayoyi
1. Me yaron ke rubutawa a littafi?
2. Me ya sa yara ke kuka ranar gwanjo?